Guntuwa Ba Ta Tashi Sai a Gangare

Ranar kasuwar Tudun Wada ce, rana ta yi sanyi, Baturiya da innarta suna tsaye a bakin titi da kwandon kifin banda da bai ƙare ba. Motar ƙauyensu ta cika ta bar su. Can sama kaɗan, inda titin ya fara gangarowa, wani dogon saurayi yana goge gilashin wata 'yar ƙaramar mota, gogewar da ta wuce ƙa'ida, don idonsa ba a kan gilashin yake ba.

Sunansa Rufa'i, malamin gona ne. Motar kuwa 'yar Kwatano ce, irin masu yankakken bayan nan da ƙofar but ɗinsu ke ɗagawa har da gilashi. Ta bi hannaye da dama kafin ta zo nasa, fentinta ya koɗe, ƙofar direba sai an ɗan ɗaga ta take rufuwa. Abokansa suna ce mata Guntuwa. Shi kuwa wallahi ko ɗan fari albarka.

Ya taka ya isa inda suke, ya rusuna.

"Inna, sannunku da kasuwa. Ina kuka nufa?"

"Sabon Gida, ɗan nan, bakin ruwan Tiga," in ji Inna Asibi.

"Ai hanyata ce."

Ba hanyarsa ba ce. Ɗakinsa ma daga inda suke tsaye ana hango rufinsa.

Ya sa kwandon a baya, suka shiga. Ya sauke birkin hannu, motar ta fara silalawa shiru, ya sa giya ta biyu, ya saki kuloci. Ta ɗan zabura, inji ya kama.

"Ikon Allah!" in ji Inna Asibi. "Ita wannan ko ihu ba ta yi kafin ta tashi?"

"Haka ake ƙera su yanzu, Inna."

Baturiya ta dube shi ta madubi, ta yi murmushi, ta sunkuyar da kai. Murmushin nan ne ya hana shi gyara maganarsa. Gaskiyar ita ce kik ɗin Guntuwa, wato abin da ke tayar da injinta, ya daɗe da mutuwa. Ka murɗa makulli har yatsanka ya yi kanta, ƙas-ƙas kawai za ka ji. Ko dai a tura ta, ko a ajiye ta a gangare. Shi ya sa Rufa'i ya san kowane tudu daga Bebeji har Doguwa kamar yadda ya san gonakin mutane, kuma duk inda ya je, kafin ya nemi mai gida sai ya nemi gangare.

Mutanen Sabon Gida 'yan ƙaura ne. Ruwan Tiga ne ya cinye tsohon garinsu, suka dawo nan suna su, suna noman rani. Gidan Malam Ubale, mahaifin Baturiya, yana can ƙasa cikin rairayi, shimfiɗe kamar tabarma. Tudu ɗaya ne tak a garin, kuma a kansa gidan Malam Ɗantani yake, aminin Malam Ubale tun suna yara a garin da ke ƙarƙashin ruwa yanzu.

To, a ƙofar gidan Malam Ɗantani Rufa'i yake ajiye mota, hancinta yana kallon ƙasa, ya sa mata dutse a taya, ya gangaro da ƙafa wajen zance.

Suna zama a gindin darbejiya, ita a bakin tabarma, shi a ɗaya bakin.

"Turiyata, jiya ina koya wa manoma zuba taki, na ce musu a zuba Baturiya mudu biyu."

"Kai, Malam, ka cika zuƙi."

"Wallahi da na ga hayaƙin bandar kifi ko a ina ne, sai gabana ya faɗi. Sai in ga kamar ke ce a bayansa."

"Wato hayaƙi nake tuna maka?"

"Gida kike tuna mini. Ina sonki, Batu. Ban iya kwana-kwana ba, ina sonki ne kawai."

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. Can ta ce, "Ni ma ran da ba ka zo ba, tuwo ba ya shigar mini."

Wata rana ta tambaye shi, "Me ya sa ba ka ƙaraso da motar nan? Ƙawayena suna cewa ƙarya nake, saurayina ba shi da ko keke."

"Haba Batu, in zo in yi wa Baba ƙugin inji a ƙofar gida? Ina kunya ta tafi?"

Maganar ta yi mata daɗi ƙwarai. Ta gaya wa innarta, innarta ta gaya wa Malam Ubale, ya gyaɗa kai ya ce yaron yana da tarbiyya, in an gama girbi ya turo magabatansa.

Sai dai a ƙauye ba a tambayar saurayi wajen wa ya zo. Inda aka ga kekensa ko babur ɗinsa a jingine, nan ne. Balle mota, wadda ko makaho ya san ta iso. Kuma Malam Ɗantani yana da budurwa a gida, Laraba, wadda har an karɓi gaisuwar wani ɗan acaɓa daga Ƙafin Maiyaki mai suna Bala.

Mata suka ɗauka a bakin rijiya, maza suka ƙarasa a bakin kwalekwale. Wai malamin gona yana tsayawa a sama ya gaisa da Laraba, sannan ya gangara ya ƙarasa yamma da Baturiya. Bala ya zo sau da yawa yana tarar da mota a ƙofar gidan surukansa. Ran nan ko babur ɗin bai kashe ba, ya juya. Bayan kwana biyu iyayensa suka aiko cewa sun janye, ɗansu ba zai yi takara da mai mota ba.

Malam Ɗantani ya gangaro da kansa har zauren amininsa.

"Ubale, ruwa ya ci gonakinmu tare, bai raba mu ba. Yau ga yaron da kake shirin ba 'yarka ya kashe wa tawa aure. Laraba tun jiya take kuka, ta rantse ko sallama bai taɓa yi mata ba. To in ba ita yake nema ba, me motarsa ke yi a ƙofata?"

Malam Ubale ya ce, "Wanda bai san ƙofar da yake so ba, ba zai shiga tawa ba. An gama."

Da Rufa'i ya zo ranar Juma'a, ya yi sallama har ya gaji, ba wanda ya fito. Ya hau tudu, sai ya tarar da 'yar takarda a maƙale a waifar gilashin motar.

"Malam Rufa'i, Baba ya ce kada ka ƙara zuwa. An fasa auren Laraba saboda motarka. Ni ban yarda kana nemanta ba, amma ban san me zan ce musu ba, don ni ma ban gane ba. Idan akwai abin da kake ɓoye mini, ya fi wannan sauƙi ko mene ne. Taka, Baturiya."

Ya zauna a kan sitiyari ya daɗe. Abin ya yi masa ciwo, kuma ya san ba wanda ya jawo sai shi. Ramin ƙarya dai ƙurarre ne.

Washegari bayan La'asar, dattawa suna zaune a ƙofar gidan Malam Ubale ana ɗinkin komar kamun kifi, har da Malam Ɗantani, sai ga Guntuwa ta gangaro. Ba ta tsaya a tudu ba. Ta shigo rairayi tana nishi, ta tsaya daf da tabarma. Rufa'i ya kashe ta, ya fito, ya cire takalmi, ya durƙusa.

"Baba, na san kun hana ni zuwa. Ku yi mini haƙuri, abu ɗaya zan nuna muku in tafi."

Ya koma cikin motar, ya bar ƙofa a buɗe, ya murɗa makulli. Ƙas-ƙas. Ya sake. Ƙas-ƙas. Ya fito ya sake durƙusawa.

"Ba ta tashi da makulli, Baba. Tun da na saye ta sai a gangare, ko a tura. Gangaren garin nan kuwa a ƙofar Baba Ɗantani kaɗai yake. Ban taɓa neman Laraba ba. Kunya na ji a ce mai neman 'yarku sai an tura shi."

Wani tsoho ya tuntsire da dariya har hularsa ta faɗi. Malam Ubale bai yi dariya ba. Ya ajiye komar a hankali.

"Yaro, ni kwalekwalena yana yoyo, kullum da ƙwarya nake kwarfe shi, garin nan kaf an sani. Wa ya taɓa raina ni? Tsohuwar mota ba abin kunya ba ce. Abin kunya shi ne ka gwammace a ɓata sunan 'yar mutane da a ga ana tura ka. Ka ce min kunyata kake ji, ashe kanka kake ji."

Rufa'i ya kasa ɗaga kai.

"Ba mai tura maka motar nan," in ji Malam Ubale. "Tana nan inda ka kashe ta. Ka je Ƙafin Maiyaki ka faɗa wa iyayen Bala abin da ka faɗa mana, a gaban mutane. In auren Laraba ya dawo, ka turo. In bai dawo ba, ka zo da masu turi ka kwashe kayanka."

Rufa'i ya tashi zai kama hanya da ƙafa, sai ya ji muryar Baturiya ta bayan zana, ƙasa-ƙasa.

"Malam."

"Na'am, Batu. Ki yafe mini."

"Tun ran farko na ga kana cije leɓe kafin ta kama. Na zaci addu'a kake yi." Ta ja hanci, kuka da dariya sun haɗe mata. "Da ka gaya mini ai da ni da ƙawayena mun tura. Ni ba motar na gani a madubi ba. Je ka gyaro abin da ka ɓata, ina nan."

Tafiyar Ƙafin Maiyaki ba ta zo da sauƙi ba. A bayan akori-kura ya je, tare da buhunan masara. Ya tarar da Bala a tashar 'yan acaɓa, ya faɗi komai a gaban abokan sana'arsa. Tabɗi! Dariyar da aka yi masa ran nan har masu tireda suka fito kallo. Bala dai ya ce bai yarda ba sai ya gani, ya ɗauko shi a babur har Sabon Gida, ya karɓi makulli ya murɗa da hannunsa. Sannan ya buɗe gaba ya leƙa, ya ce, "Lallai wannan kik ɗin ya riga mu gidan gaskiya." Duk da haka mahaifin Bala ya ja rai, ya ce an riga an yi magana a gari. Sai da Rufa'i ya koma da kawunsa, suka zauna a zaure yini guda ana ban baki, sannan tsohon ya sauko.

Duk tsawon wannan lokaci Guntuwa tana ƙofar gidan Malam Ubale. Kaji suka mayar da ƙarƙashinta wurin shan inuwa. Yanzu kam ba wanda ke tambayar wajen wa malamin gona yake zuwa.

Aka ɗaura auren Laraba da Bala, sati na zagayowa aka ɗaura na Baturiya da Rufa'i. Rufa'i ya aika Kano a sayo masa kik, aka kawo, bakanike ya gwada ya ce ba na Guntuwa ba ne. Batir kawai aka kai caji aka dawo da shi. Rufa'i ya ce a ɗauko hayar wata motar don amarya, Baturiya ta aika masa cewa ita a Guntuwa za ta tare, ko a bar ta a gidan ubanta.

Da yamma aka fito da ita, an lulluɓe ta, tana kuka. Aka sa ta a baya tsakanin gwaggonta da Laraba. Sunusi, abokin ango, ya zauna a sitiyari, ya leƙo ya ce samari su taimaka. Suka taso suna naɗe hannun riga.

"Ku dakata."

Malam Ubale ne. A al'ada uba ba ya fitowa a irin wannan lokaci, yana can ciki ya gama nasiharsa. Amma ga shi ya fito, ya tattare babbar rigarsa ya ɗora a kafaɗa. Ya zo ya dafa bayan motar da hannu biyu. Malam Ɗantani ya dube shi, ya ajiye sandarsa, ya zo ya dafa ɗaya gefen.

Baturiya ta waiwayo. Tsakaninta da fuskar mahaifinta gilashi ne kawai. Idonsa ya cika da ƙwalla, bai ɓoye ba.

"Bismillahi," ya ce. "Je ki, uwata. Allah ya yi miki albarka, ya ba ku zaman lafiya. Duk ran da abu ya ƙi tashi a gidanku, ku faɗa wa juna, kada ku ɓoye."

Tsofaffin nan biyu suka tura, rairayi yana cin ƙafafunsu, sannan samari suka sa hannu. Sunusi ya saki kuloci, Guntuwa ta zabura, ta kama. Mata suka rangaɗa guɗa. Malam Ubale ya tsaya yana haki, hannuwansa har yanzu a miƙe, yana kallon motar tana hawa tudu da 'yarsa.

A Tudun Wada, Rufa'i yana tsaye a ƙofar gida tun kafin Magariba. Da ya jiyo ƙugin injin da ya sani, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Alhamdulillahi."

Allah ya bar su tare, ya ba su zuriya ɗayyiba. Amin.