Tsibirin Kaka A'i

A ƙofar gidansu na unguwar Waziriyya a Jidda Hikima ta fara ganinsa, rataye da jaka, gumi ya jiƙa masa riga. Ya ce sunansa Zaharadden, tsofaffin da suka fito daga tsibiran tafkin Chadi yake nema, yana ɗaukar muryarsu kafin su ƙare.

"Ka makara, kakata kaɗai ta rage," ta ce.

"Ashe ban makara ba." Ya dube ta, ta sunkuyar da kai.

Wata uku yana zuwa bayan la'asar. Kaka A'i, wadda babu mai sauraronta a gidan, ta riƙa ba shi labarin kwalekwalen ciyawa da shanun da ke iyo daga tsibiri zuwa tsibiri. Hikima na zuba shayi.

"Angona, ni kake zuwa gani ko mai shayi?" in ji Kaka.

Saleh, maƙwabcinsu da ya daɗe yana son Hikima, ya kai wa babanta, Malam Bawa, magana: mai ɗaukar muryar marasa iƙama, wato takardar zama, ɗan rahoton hukuma ne. Kaka kuwa shekara sittin ba ta da takarda.

"Halas, magana ta ƙare," in ji Baba. "Kada ya sake tako min gida. Mu 'yan Jidda ne, ba mu da wani tsibiri."

Saƙo ya shigo wayarta: "Hikimata, wallahi ban ba kowa muryar Kaka ba. In kin yarda da ni, ya ishe ni."

Ta yi kuka, amma ba ta amsa ba. Ita ma tsoron ya shige ta.

Kaka ta rasu wata Talata da hantsi, tana tambayar ina angonta. Wajen ta'aziyya wani dattijo ya ce, "Malam Bawa, an sanar da danginta na gida?"

Baba ya sunkuyar da kai. Ko sunan tsibirin bai sani ba, domin duk sanda Kaka ta fara zancen sai ya katse ta.

Hikima ta durƙusa gabansa. "Baba, akwai wanda ya sani."

Kwana huɗu Zaharadden yana bin lambobin masunta, har ya samo ƙanen Kaka, Muntaka, tsoho makaho. Ya miƙa wa Baba wayar.

"Ɗan A'i ne? A'inmu da ta tafi Makka ba ta dawo ba?"

Hikima ba ta taɓa ganin hawayen babanta ba sai ranar.

"Na zalunce ka, ɗana," ya ce wa Zaharadden. "Turo magabatanka."

A soro Hikima ta tare shi. "Habibi, ban amsa maka ba."

"Ai yau kin amsa."

Bayan arba'in aka ɗaura auren, babu kiɗa. Tsoho Muntaka ya sa albarka ta waya, muryarsa na yankewa: "Allah ya zaunar da ku lafiya. In kun haihu, ku kawo min in shafa kansa kafin in bi yayata."

Baba ne ya fara cewa amin.