Kazar da Ba Ta Je Kasuwa Ba

A can wani ƙauye an yi wata tsohuwa mai kaji bakwai. Wata safiya ta tarar farar kazarta tana gyangyaɗi.

Maƙwabciyarta Talatu ta ce, "Iya, watsa mata ruwa ta wartsake, ki kai ta kasuwa. Wa zai gane?"

"In kai ciwo gidan wa?" in ji tsohuwa. Ta kife kazar da kwando nesa da akurki, tana ba ta jiƙon maɗaci safe da yamma. Kazar ta mutu, shidan suka tsira.

Bayan mako biyu Talatu ta shigo tana hawaye. "Iya, kajina sun ƙare. Wata mai araha na sayo a kasuwa, gashinta a jiƙe."

Tsohuwa ta ce, "Je ki share akurkinki, ki dawo ki ɗauki ɗaya."