Shekarar da Garzali Ya Bi Sahun Alhaji

Garzali ya fara ganin Rekiya ne a bakin kanal, yana tsugune yana ba gonarsa ruwa, laka har gwiwa. Ta zo da tire a ka tana tallan gurasar mahaifiyarta, sai ta tsaya tana kallon gonar kamar ta ga baƙon abu.

"Malam, wannan alkama ce?"

"Ita ce."

"Ashe akwai sauran mai ra'ayin kansa a garin nan. Inna sai ta aika har Kura kafin ta samu ta gurasa."

Sai ya sayi gurasa biyu alhali bai daɗe da cin abinci ba.

A shekarun nan kuwa, ƙauyensu da ke gefen Bunkure ba shi da alƙibla sai Alhaji Maikuɗi. Tun da tumatirin rani ya kai shi Makka ya kuma saya masa akori-kura, kowa ya watsar da abin da ya gada ya koma tumatir. Da a nan aka tsaya ma da sauƙi. In Alhaji ya karkata hula, samari su karkata. In ya yi gyaran murya kafin ya yi magana, sai ka ji duk majalisa ta kama tari. Garzali kaɗai ya rage da alkamar da mahaifinsa ya bar masa, ba don wata hikima ba, ita ya iya, ita kuma yake so.

Ya fara zuwa zance bayan la'asar, da ƙafa, wani lokaci da sauran laka a dunduniya. Rekiya takan shimfiɗa masa tabarma a zaure tana dariya.

"Mai Alkama, yau ma kanal ɗin ne ya rako ka?"

"Ya ce in gaishe ki, Rekiyata."

"Ka ce masa ina amsawa, amma ya riƙa sakin ka da wuri."

Da magana ta yi nisa, kawunsa Jaji ya je wurin mahaifinta, Malam Iliyasu, mai makarantar allo da gona kadada guda. Ya dawo fuska ba walwala. Malam ya ce ba shi da ta cewa a kan halin yaron, amma a zamanin da kowa ke ci gaba, saurayin da ya kafe a kan alkama bai shirya riƙe iyali ba. Ga kuma Lukmanu, ɗan ƙanin Alhaji, mai sabon babur, shi ma ya aiko. Za a jira a ga abin da rani mai zuwa zai nuna.

Garzali ya tsorata, kuma tsoron rasa Rekiya ya fi ƙarfin duk wani ra'ayi nasa. Da rani ya zo ya dasa tumatir daga wannan kunya har waccan. Ya sayi hula irin ta Alhaji ya karkata ta. Ya sayi turaren da Lukmanu ke fesawa. Da ya ji samari na aika wa 'yan mata gaisuwa a rediyo, shi ma ya nemi a rubuta masa kati, mai rubutun kuwa ya rubuta masa abin da yake rubuta wa kowa.

Ranar da aka karanta, Rekiya na tsakar gida tana kwaɓin gurasa.

"Daga Garzali Bunkure, zuwa ga tauraruwar zuciyata, farin wata mai haska duniya, Rekiya. Ina gaishe ki gaisuwa irin ta manya."

Gaisuwa biyu aka yi a tsakani, sai mai gabatarwa ya sake cewa:

"Daga Lukmanu Bunkure, zuwa ga tauraruwar zuciyata, farin wata mai haska duniya, Rekiya. Ina gaishe ki gaisuwa irin ta manya."

Ƙawayenta suka yi ta tsokanar ta har mako ya zagayo. Da ya zo zance, yana ƙamshi kamar shagon turare, ta gaishe shi a daƙile, ba ta kira shi Mai Alkama ba. Shi kuma ya fassara abin yadda tsoro ya karanta masa: babur ya yi aikinsa.

Tumatir fa ba alkama ba ne. Yau feshi, gobe tsutsa, jibi rigimar layin ruwa, don kowa rana ɗaya yake son ban ruwa. Garzali ya rame, barci ya yi masa ƙaura. Sannan duk gonakin, daga Kadawa har Bunkure, suka nuna a mako guda, tunda mako guda aka dasa su. Kwanduna suka yi layi a bakin titin Zariya, motocin Kudu suka cika suka tafi suka bar saura. Alhaji shi tun farkon kakar tumatir ya sayar da nasa, don ya riga kowa dasawa, abin da masu kwaikwayon hularsa ba su lura da shi ba. Sauran jama'a suka kwaso nasu suka dawo gida, rabi ya fara ruwa.

Garzali ya daina zuwa zance. Da wane ido zai je?

A gefen gona Rekiya ta same shi wata rana da hantsi, zaune a ƙasa yana yanka tumatir yana shanyawa ya zama kauɗa, ƙudaje na bin sa. Ta sauke tirenta ta zauna nesa kaɗan.

"An ce ka ce na zaɓi Lukmanu."

"Ban ga laifinki ba in kin yi."

"Garzali, ni fa na gaji. Wata huɗu ina fitowa zaure ina tarar da ƙaramin Alhaji Maikuɗi. Da irinsa nake so, ai ga su nan fal gari, har da mai babur. Kai nake nema na rasa."

Ya ajiye wuƙar. "Don ke na yi, Rekiyata."

"Na sani. Shi ya sa abin ya fi ciwo. Ko gaisuwa ce, da ka ce kanal na gaishe ni, da ta fi min farin watan nan."

Ya yi dariya, karo na farko a ranin nan, sai kuma idonsa ya cika da ƙwalla. Ta tura masa gurasa ɗaya ta tashi, don kada mutane su gani su yi magana.

Bayan kwanaki, Malam Iliyasu ya aika a kira shi. A bayan makaranta ya same shi, shi ma zaune cikin tasa kauɗar, hannu ya yi jajir. Garzali ya durƙusa ya gaishe shi.

"Ka ji labari?" in ji Malam. "Alhaji ya ce baɗi albasa zai yi. Kowa ya fara neman iri. Kai fa?"

Garzali ya san amsar da za ta ba shi Rekiya. Kalma ɗaya ce, tana kan harshensa. Amma ya tuna ranin da ya wuce, ya ji ba zai iya sake wani irinsa ba, ko da kuwa na shekara ɗaya ne.

"Baba, a gafarce ni. Na bi sahun Alhaji har ƙafata ta gaji, ban kama ko ƙurarsa ba. Alkama zan koma. Ba za ta kai ni Makka da wuri ba, amma na san ta, ta san ni. In an ba ni Rekiya, ba za ta kwana da yunwa ba da yardar Allah. In kuma sai mai albasa, to ba ni ba ne."

Malam ya dubi kauɗar da ke gabansa. Garzali ya sunkuyar da kai, zuciyarsa ta gama yanke ƙauna.

"Ni har na ba da sautun irin albasar," Malam ya ce a hankali, yana murmushin gajiya. "Da girmana da karatuna, ka ga ban daddara ba. To, gara a samu gida ɗaya a zuriyar nan da ba ya bin Alhaji, in mun sake faɗuwa mu san inda za mu je cin tuwo. Ka turo Jaji."

Bayan Babbar Sallah aka ɗaura aure a ƙofar makarantar Malam, ba akori-kura, ba jerin babura. Da aka kai amarya, mutane suka watse, Rekiya ta ɗaga mayafi ta dube shi.

"Yanzu dai wa na aura?"

"Ni ne, Rekiyata. Ni kaɗai ne, ba ƙari."

"Alhamdu lillahi. Shi nake so dama."

Allah Ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, Ya kuma hutar da kowa gajiyar zama wanda ba shi ba.