Gaisuwar da Zaure Bai Bincika Ba

Zaure yana fara aiki tun kafin a ɗora ruwan koko. Ƙaramin akwati ne mai launin toka, maƙale a bangon ƙofar gida, kuma duk saƙon da zai shiga gidan Malam Nomau sai ya tsaya a gabansa. Yana kwance saƙo kamar yadda ake kwance kaya a shingen kwastan, ya duba ko an cusa wani abu, sannan ya bar shi ya wuce zuwa Rumbu, na'urar da ke ajiye takardu da hotuna da muryoyin gidan. A Tudun Haske, a shekarar 2094, babu gidan da ba shi da waɗannan biyun.

Saƙo iri ɗaya ne Zaure ba ya taɓawa. Shekara shida da suka wuce ya tsare ta'aziyyar wani babban mutum har awa biyu yana bincike, gari ya ɗauka. Dattawa suka taru suka ce ba a taɓa lalube aljihun wanda ya zo gaisuwar mutuwa ba, kuma ba a kansu za a fara ba. Injiniyoyi suka yi bayani, aka saurare su yadda ake sauraron yara, aka ba da umarni. Daga ranar, idan aka yi rasuwa a gida, duk saƙon da ya zo da alamar ta'aziyya yana wucewa kai tsaye har kwana arba'in. Wannan shi aka kira mutunci.

Kuluwa, matar Malam Nomau, ta rasu ranar Talata. Kafin kwana tara saƙonni ɗari huɗu da sha biyu sun shiga gidan babu wanda ya ce musu kanzil. A rana ta goma, da hantsi, Nomau ya buɗe Rumbu ya tarar da allon ya koma ja. Rubutun da ke kai yana da ladabi. Ya ce an kulle duk abin da ke ciki, mabuɗin yana hannun masu rubutun, kuma idan ba a biya kuɗin fansa cikin kwana uku ba za a lalata shi. A ƙasa an ƙara da cewa Allah ya jiƙan Hajiya.

Nomau tsohon malamin tarihi ne, ya san cewa abin da aka ajiye shi ake sacewa. Bai damu da takardun gida ba. Abu ɗaya ne ya sa ya zauna a ƙasa. Kwana biyar kafin ta cika, Kuluwa ta kore shi daga ɗaki ta yi magana da Rumbu na minti goma sha ɗaya, ta ce kada ya saurara sai ranar arba'in. Shekara arba'in da ɗaya yana mata gardama a kan komai, amma wannan karon ya bi umarni.

Tasalla, 'yar ƙanwar marigayiyar, ita ce injiniyar unguwa. Ta iso a kan babur ɗinta na lantarki, ko gaisuwa ba ta gama ba ta fizge wayar da ta haɗa gidan da layin gari.

"Baba, kun taɓa wani abu bayan ya yi ja?"

"Na zage shi."

"Wannan ba ya ɓata komai. Ba ku kashe shi kun kunna ba?"

"Injiniya, ni ko rediyo ba na kashewa sai an zo an taya ni."

Ta zauna a kan tabarma ta buɗe jakarta. Sunan abin Ɗan-garkuwa, in ji ta. Yana shiga ya laɓe, ya bi fayiloli ɗaya bayan ɗaya yana juya kowanne zuwa tarkacen lambobi da ba mai karantawa sai da mabuɗi. Cire shi ba wuya: za ta tayar da Rumbu daga wata na'ura mai tsabta, ta nemo shi ta goge, ta wanke komai, ta canza duk kalmomin sirri. Amma korar ɓarawo ba ta buɗe ƙofar da ya kulle ya tafi da mabuɗinta.

"Ina ajiyar sanyi da na kawo muku?"

Ajiyar sanyi wani ɗan akwati ne da ake jonawa sau ɗaya a mako, ya kwafi komai, a cire shi a sa a cikin adaka. Abin da ba a jone yake ba, ba a iya kulle shi daga nesa. Kuluwa ce take yin wannan duk ranar Juma'a bayan ta shanya wanki. Tasalla ta duba ranar kwafin ƙarshe, ta sake dubawa.

"Faɗi mana."

"Wata biyu da suka wuce. Tun da ta kwanta ba a sake ba."

"Ba a sake ba," in ji Nomau. "Kina da kirki. Ki ce ban sake ba."

Kafin azahar ta dawo da kusan komai: hotunan aure, takardun fili, muryar Kuluwa tana faɗa da mai kifi a shekarar da aka yi ambaliya. Minti goma sha ɗayan nan ne kawai ba su cikin ajiyar.

Yayin da take aiki, Nomau ya zauna da jerin sunayen masu gaisuwa yana bi da yatsa. Wannan ya taɓa neman auren Kuluwa. Wancan kuma Nomau ne ya kayar da shi a jarrabawa shekara talatin da suka wuce. Ga ƙanensa, wanda ya yi kuka fiye da kima a maƙabarta. Har Tasalla ya ɗaga kai ya kalla, don ita ta saka na'urar, ita ta san ƙofofinta. Ta ga kallon.

"Baba, in ni ce, da ban zo da rana tsaka a kan babur ba."

"Ban ce komai ba."

"Idonku ya ce."

Da la'asar ta gano saƙon da ya shigo da Ɗan-garkuwa. Nomau bai buƙaci ta karanta ba, ya haddace shi. Cikin ɗari huɗu da sha biyun, shi kaɗai ne bai yi kama da sauran ba. Saƙon ya tuno yadda Kuluwa take aika dambu gidan Alhaji Jatau duk mako lokacin da matarsa take jinya, da yadda take cewa gishiri ya yi yawa kafin kowa ya ɗanɗana. Nomau ya buɗe shi ya fi sau ashirin. Shi ne kaɗai ya sa shi kuka. Sunan da ke kai na Jatau ne, amininsa tun suna firamare.

Ya kira shi a wayar Tasalla.

"Jatau, takardar da ka aiko mini."

"Wace takarda? Kai tsufa ya fara taɓa ka? Da ƙafata na zo, kwana uku ina zaune a ƙofar gidanka ina shan shayinka marar sukari."

"Ba ka rubuto komai ba?"

"Ni da ko sunan jikokina sai an tuna mini? Nomau, lafiya?"

Nomau ya kashe wayar. Tasalla ta yi bayani a hankali. Ɗan-garkuwa ya shiga Rumbun Jatau bara, lokacin rasuwar matarsa, amma bai kulle komai ba. Ya zauna yana karanta hirarrakin matar da Kuluwa, yana jiran wata rasuwar. Daga gidan makoki zuwa gidan makoki yake tafiya, ta ƙofa ɗaya tilo da gari ya hana a tsare.

"Kada ku biya, Baba," ta ce da za ta tafi. "Ba su da alƙawari. Na ajiye muku kwafin fayil ɗin a kulle. Wani lokaci ana kama irin waɗannan mutane a samu mabuɗansu."

"Bayan shekara nawa?"

"Uku. Goma. Ban sani ba."

"Shekarata saba'in da huɗu, Injiniya."

Ya biya a rana ta uku, daga shagon da ke bakin kasuwa, bai gaya wa kowa ba. Ba mabuɗi suka aiko ba. Sun aiko da fayil ɗin kansa a buɗe, minti goma sha ɗaya cif, tare da godiya. Sai da ya ga haka ya kira Tasalla. Ta bincika shi a na'urarta awa guda, ta ce babu cuta a ciki, amma hatimin da Rumbu yake bugawa a kan kowace murya ba ya nan.

"Ma'ana?"

"Ma'ana ba zan iya rantse muku cewa ita ce ba. Kafin su kulle sun kwashe muryarta ta shekara arba'in. Wanda ya iya rubuta waccan gaisuwar zai iya yin wannan. Kuma zai iya yiwuwa nata ne, hatimin ne ya faɗi a hanya."

Ya jira har ranar arba'in. Bayan an raba waina mutane sun watse, ya shiga ɗakinta ya kunna.

Muryar Kuluwa ce, da tarinta, da yadda take jan numfashi kafin ta faɗi abin da ba zai so ba. Ta ce ya daina shan shayi da yamma. Ta ce a ba Tasalla keken ɗinki. Ta yi masa faɗa a kan wata magana da ya faɗa wa mahaifiyarta tun kafin a haifi Tasalla, sannan ta ce ta yafe. A minti na goma ta yi shiru, har ya ɗauka ya ƙare. Sai ta ce:

"Nomau."

Ya tsayar da shi.

A gidan su Kuluwa mace ba ta faɗin sunan mijinta. Shekara arba'in da ɗaya tana ce masa Malam, ko mai gidan nan, ko kuma, idan ya ɓata mata rai, wannan mutumin. Ko a asibiti da aka tambaye ta sunan miji, takarda ta nema ta rubuta. Na'ura da ta yi gaggawa za ta iya yin wannan kuskure. Amma na'urar da ta saurare ta shekara arba'in ta san ba ta faɗa. Kuma mace da ta kori mijinta daga ɗaki, ta san saura kwana biyar, tana iya ajiye kalma ɗaya har sai babu mai ganin fuskarta.

A watan da ya biyo baya aka soke umarnin dattawa. Yanzu Zaure yana lalube kowace ta'aziyya a Tudun Haske, kuma ya kama da yawa. Mutane sun koyi cewa gaisuwar da ta fi taɓa zuciya ita ce abin tsoro, don haka ana aika gajeru, busassu, waɗanda ba mai zarginsu. Injiniyoyi sun ce an samu ci gaba.

Malam Nomau yana jona ajiyar sanyi duk ranar Juma'a, ya cire, ya mayar cikin adaka. Fayiloli biyu ne yake dubawa su kwafu: wanda yake a kulle, wanda ya tabbata nata ne amma ba ya iya jin sa, da wanda yake a buɗe. Saura minti ɗaya a cikinsa bayan sunan. Har yau bai saurara ba.