Abin da Haƙoranta Suka Faɗa Masa

Da kumatu a kumbure ta shiga asibitin jami'a, rungume da littafin shari'a. Wani ɗalibin likitancin haƙori ne ya karɓe ta, dogo mai sanyin murya. Ya kwantar da kujerar, ya janyo fitila, ya leƙa bakinta da ɗan madubi.

"Jarrabawa ta matso, ko?"

Ta zaro ido. "Wa ya gaya maka?"

"Haƙoranki. Kina taune su cikin barci, duk sun zaizaye. Fargaba ta busar miki da yawu, ke kuma kina rarrashin kanki da alawa. Shi ya sa wannan ya yi rami."

Ta yi kasaƙe tana kallonsa. Ko ƙawarta ta ɗaki ba ta san halin da take ciki ba, ga baƙo ya karanto damuwarta tsaf daga cikin baki. Ikon Allah, ta ce a ranta.

Aka cike ramin, amma haɗuwa ba ta ƙare ba. Yau a ƙofar laburare, gobe a waya.

"'Yar Alawa, rufe littafin nan ki sha ruwa, ki goge baki. Kin iya karatunki, tsoro ne kawai."

"To Likitana. Ita zuciyar da ka sa take bugawa fa, wa zai duba ta?"

Da babanta ya ji labari, ya ce sam. Shi sakamako na ɗaya yake jira, ba suruki ba. Ta daina amsa saƙon likitan nata, ta rame, wani haƙorin ma ya fara zogi.

Mamanta ce ta kasa haƙuri. "Malam, tun tana firamare kake ɗora mata nauyin zama ta ɗaya. Tsoronka ne ke cinye mata haƙora. Yaron nan kwantar mata da hankali yake yi."

Jin haka, sai ya kira 'yar tasa.

"Ashe haka na matsa miki, uwata?"

Ta fashe da kuka. Ba ta taɓa jin muryarsa ta yi laushi haka ba.

Ta ci jarrabawa, aka ɗaura aure. Ranar, babanta ya riƙe hannun ango, idonsa ya ciko.

"Ni na koya mata ƙoƙari, kai ka koya mata hutawa. Allah Ya yi muku albarka, Ya zaunar da ku lafiya."