Yaran Kurmin Zarmina

Rana na gangarawa bayan duwatsun Suwat, Zarmina na murza gurasa a tsakar gida, sai dutse ya faɗo kan kwanon rufi. Ba ta ɗaga kai ba. Wani ya biyo, wani ya fasa butar shayi. Daga kurmi suke fitowa, kuma babu kowa a kurmin.

Kurmin gadon mijinta ne, marigayi Baktiyar. Da bazara ta share fili a cikinsa, ta jera kututtura, tana koya wa yaran ƙauye ƙirga da tsakuwa da sunayen ganyaye.

Jifan ya zama na kowace magariba. Daga baya aka fara jin ƙananan muryoyi a bayan katanga suna maimaita karatun safe. Iyaye suka janye 'ya'yansu. Zarmina ba ta yi kuka ba, ko tsoro ba ta ji ba. Tun rasuwar Baktiyar abu ba ya shigarta.

Ran nan 'yarta tilo, Palwasha, ta dawo daga rafi ta zauna a ƙofa, ido a kafe.

"Palwasha, shigo mana."

"Ba sunana ke nan ba," in ji yarinyar, da muryar tsohuwa.

Aka kira wani malami, Maulawi Fazal Rabi, daga ƙauyen gaba. Ya zauna kan tabarma ya yi ta karatu a hankali, har yarinyar ta fara gurnani.

"Wace ce ke?"

"Mai gidan da aka share. Uwar yarinyar nan ta sare ƙayar da 'ya'yana ke kwana, na haƙura. Yanzu sun maƙale wa karatunta. Ko an tashi suna nan zaune, in na kira ba sa zuwa. Ta ɗauke nawa, na ɗauki tata."

"Ki ji tsoron Allah, ki fita."

"Ta dawo min da su tukuna, Malam."

"A rufe makarantar?"

"A'a. Za su yi ta kuka, su hana ni sakat. Ta dai riƙa sallamarsu da bakinta. Maganarta suke ji."

Maulawi ya dubi Zarmina. Ta gyaɗa kai kamar farashin gishiri aka gaya mata. Palwasha ta yi atishawa, ta sulale ƙasa, can ta buɗe ido.

"Inna, yunwa nake ji."

Da safe Zarmina ta shiga kurmi. Babu ɗan mutum ko ɗaya da ya zo. Ta tsaya ta yi karatun daga farko har ƙarshe, muryarta ba hawa ba sauka. Da ta gama ta tafa hannu.

"An tashi. Kowa ya koma wurin uwarsa."

Ciyawa ta kwanta layi-layi, ta nufi cikin duhuwa. Zarmina ta jira har ta miƙe, sannan ta tafi ɗora abinci.