Finjalin da Na'ibi Ya Cika

"Ya isa... Na'ibi, don Allah ya isa!"

A zuci na faɗa, don ba halin in ɗaga murya. Ina laɓe bayan labulen da ya raba zauren baƙi da cikin gida, ido ɗaya a 'yar ɓular da na daɗe da sanin wurinta, ina kallon gahawa tana hawa cikin finjalin mahaifina.

Ta wuce rabi.

Ta kai wuya.

Sai da ta cika maƙil tana rawa a baki sannan Na'ibi ya ɗaga butar. Ya durƙusa ya miƙa da hannu biyu, fuskar nan fal murmushi.

"Bismillah, Baba."

Dattawan unguwa da aka tara don jin maganar aurena suka sunkuyar da kai, har da Malam Bawa da ya rako Na'ibi. Abuya, haka muke kiran mahaifina Abdulghani, ya dubi finjalin ya dubi saurayin, jijiyar goshinsa ta miƙe.

"A gidana?" ya ce a hankali. "A cikin gidana, gaban abokaina, kake ce mini in sha in tashi?"

"Baba, ni... me na yi?"

"Halas, an gama! Malam Bawa, ɗauki yaronka. Maganar Luba ta mutu."

Na toshe baki da mayafi don kada a ji kukana.

Duk wanda aka haifa a Jidda ya san gahawa ba a cika ta. Ɗan kaɗan ake zubawa a gindin finjali, baƙo ya kurɓe a ƙara masa, hira tana tafiya, alamar ana son zamansa. In ka cika wa mutum, ka ce masa ya shanye ya ba ka wuri ke nan. Kuma Abuya da hannunsa ya miƙa wa Na'ibi butar nan, abin da ba a yi wa bare sai wanda aka ɗauka ɗan gida.

Kafin in ɗauke ido daga ɓular na hango Hamad, ɗan baffana, a kusurwa. Shi kaɗai ne bai sunkuyar da kai ba, yana ta gyaran gashin baki.

*

A kasuwar Bab Makka na fara ganin Na'ibi, bayan an sauko daga aikin Hajji. Ina taya kakata Sitti Bashira sayar da soyayyar gyaɗa da yajin tsire, sai ga wani dogo da hula zanna yana ciniki da mai wake. Larabcin littafi yake zubawa, irin na huɗubar Juma'a, a kan wake da burodi! Mai waken har yana riƙe ciki don dariya.

Sitti ta leƙa ta ce, "Kai ɗan nan, daga wane gari?"

Ya juyo firgigit, idonsa ya kawo ruwa. "Hausa! Iya, Hausa kike ji? Daga Zariya nake, tela ne ni."

"Zariya?" Sitti ta dafe ƙirji. Tana yarinya ƙarama aka taho da ita daga can a ƙasa, ba ta sake komawa ba. "To na yi miji. Luba, ba angona kujera."

Na ba shi kujera. Ya ɗago zai yi godiya, maganar ta maƙale. Ni ma gyaɗar da nake aunawa ta zube.

Tun daga ranar Sitti ta ɗauki aikin nuna wa angonta gari. Ita a gaba da sandarta, mu a baya, tsakaninmu tazarar da mutunci ya yarda da ita.

Ni da aka haifa a Jidda, sai da na bi idon Na'ibi na san garinmu kyakkyawa ne. A tsohon gari ya tsaya ƙarƙashin dogayen gidajen nan da aka gina da dutsen teku, ya ɗaga kai har hularsa ta faɗi. Tagogin katako masu sassaƙa sun turo kai bisa lungu, hawa kan hawa.

"Wa ya yi wa itace aikin allura haka?"

"Roshan sunansa," na ce. "Matan gida suna ganinka ta ciki, kai ba ka ganinsu."

"Ashe haka 'yan Jidda kuke. Ku gama ganin mutum, shi yana nan yana dakon kallo ɗaya."

Na ja mayafi na rufe murmushina.

A kasuwar Alawi ƙamshin turaren wuta da na kayan yaji suka sa shi atishawa, duk da haka ya ƙi fita. Ya shafa yadin Hindu, ya shafa na Sham, yana lumshe ido irin na mai sana'a. Ya ci mutabbak, waina mai faɗi da ake naɗe ƙwai da nama a ciki, ya ƙone harshe don gaggawa. Ya ga Larabawa sun yi layi gaban wani Bahaushe mai tsire suna kiran "siriya, siriya", wato tsire a bakinsu, ya yi ta dariya har da tafi.

"Iya, kin gani? Mu ma mun ci su da yaƙi!"

A wani shago ya ɗaga finjali da yatsa biyu yana juyawa. "Garin nan komai nasu mai yawa ne, ban da abin shan gahawa. Wannan ai na wasan 'yar tsana ne."

Dariya kawai na yi. Abin da ka tashi a cikinsa ba ka sanin ana koyar da shi.

Ranar da muka kai shi bakin teku, Sitti ta sayo sayadiyya, shinkafar da ake dafawa da romon kifi da soyayyar albasa har ta yi ja. Muka shimfiɗa tabarma da la'asar sakaliya, jiragen ruwa suna tsaye can nesa. Na'ibi ya ƙura wa ruwan ido.

"Kogin Kubanni na garinmu nawa za a zuba a nan kafin ya cika?" ya ce daga baya.

Sitti ta juya mana baya, wai tana neman ƙaya a kifi.

Ya rage murya. "Luba... na ga Ka'aba, na ga Madina, na ɗauka idona ya gama cin rabonsa. Ashe da saura."

"Kai dai ka iya magana."

"Wallahi ba iyawa ba ce, hasken idona. Jirgin ruwan alhazai na ƙarshe ya kusa tashi. In ban sami kafili da zai tsaya mini ba, dole in bi shi. Ni kuwa in na tafi, gangar jiki kawai za ta hau jirgin nan."

A ranar na san ina sonsa, son da ban taɓa yi wa kowa ba.

Abuya yana da shagon yadi a Bab Makka. Da ya ga ɗinkin Na'ibi sai ya yaba, ya ce zai tsaya masa ya sami iƙama, takardar zama a ƙasar, ya zauna a shago. Maganar aure kuma ya ce a zo da manya. Shi ne Na'ibi ya zo da Malam Bawa, dattijon garinsu da suka yi Hajji tare, wanda shi ma bai san gahawa ba sai a bakin nan.

Finjali ɗaya ya rushe duka.

*

Kwana na yi ina kuka. Washegari Hamad ya shigo gaida Sitti, yana kaɗa makullin motar da yake tuƙawa.

"Ya bint ammi, 'yar baffana, kukan me kike? Mutumin da bai san finjali ba zai san darajar mace? Ranar Alhamis jirginsu zai tashi. Ni kuwa ina nan."

"Ka daɗe kana nan, Hamad," na ce. "Ban taɓa cewa ka zauna ba."

Da la'asar Sitti ta ɗauki sanda. "Yalla, tashi. Angona ba zai bar gari ban ji daga bakinsa ba."

Muka same shi a masaukin alhazai kusa da tashar jiragen ruwa, yana ɗaure akwati da igiya. Ya rame a kwana ɗaya.

"Luba, ki gaya mini laifina. Wallahi har yanzu ban sani ba."

Na gaya masa. Ya dafe kai ya zauna a kan akwatin.

"Inna lillahi! A gidanmu in ka ba babba abu rabi ai ka zage shi. Kuma sai da na tambaya! A ƙofar gida na ja Hamad gefe na ce ya koya mini yadda ake yi. Ya ce Baba ba abin da ya tsana kamar rowa, in cika masa har baki."

Sitti ta buga sanda a ƙasa. "Ɗan banza! Jikana ne, amma ɗan banza ne."

"Zan je in ba Baba haƙuri."

"Ba zai saurare ka ba," na ce. "An kunyata shi gaban mutane, kunnensa a toshe yake."

"To shi ke nan, Luba tawa? In tafi?"

"Kada ka ƙara ɗaure igiyar nan sai ka ji daga gare ni."

Na faɗa ne kawai, ban san abin da zan yi ba. Sai a hanyar gida, ina kallon Sitti tana sayen gyaɗar kunun safe, dabara ta zo mini.

Abuya Bajidde ne a komai, tufafinsa, Larabcinsa, gahawarsa. Abu ɗaya ne bai taɓa bari ba: kunun gyaɗar mahaifiyarsa bayan sallar asuba. Tun yana yaro Sitti take dama masa a kwanon sha, ta cika shi har sai an ɗauko da dabara.

Ranar Laraba ni na kai masa. Ɗan kaɗan na zuba a gindin kwanon, na rufe da faifai, na ajiye na koma gefe.

Ya buɗe faifan. Ya leƙa ciki.

"Esh hada, mene ne wannan? Luba, gyaɗa ta ƙare a Jidda ne?"

"A'a, Abuya."

"To wace irin rowa ce wannan? Ummi ba ta taɓa ba ni kunu rabin kwano ba!"

Na durƙusa. "Na ji tsoro ne, Abuya. Na ga cikawa kora ce. Kada in cika maka ka ce na ce ka sha ka tashi."

Ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ga Sitti a bakin ƙofa.

"Abdulghani."

"Na'am, Ummi."

"Tun ba ka da haƙori nake cika maka kwano. Korarka nake yi?"

Ba ta jira amsarsa ba.

"Haka uwata ta cika mini, haka aka cika mata a Zariya. Yaron nan da hannun mutanenka ya zuba maka. Ka sha gahawar Larabawa har ka manta da wane kwano aka raine ka?"

"Ummi, gaban mutane fa..."

"Ya tambaya, Abuya!" Hawaye suka ɓalle mini. "Don kada ya yi kuskure ya tambayi Hamad, Hamad ya ce ya cika. Gobe jirginsu zai tashi. Ina sonsa, Abuya... wallahi ina sonsa."

Ban taɓa faɗin irin wannan a gabansa ba. Na rufe fuska ina jiran abin da zai biyo baya.

Ya daɗe yana kallon ɗan kunun nan. Sannan ya miƙo kwanon wajen Sitti, muryarsa ta yi laushi kamar ta yaro.

"Ummi, a cika mini."

*

Bayan la'asar zauren ya sake cika da dattawan ranar nan, ba wanda aka bari. Na koma bayan labulena. Na'ibi yana zaune a takure kusa da Malam Bawa, dab da inda nake. Hamad ya shigo da sabuwar riga, da alama ya ɗauka ranarsa ce.

Abuya ya hana kowa taɓa butar. Da kansa ya tashi, abin da ban taɓa gani ba.

Ya bi dattawa ɗaya bayan ɗaya. Da ya iso kan Hamad sai ya karkata butar, ya yi ta zubawa, idonsa cikin na Hamad, har gahawa ta malalo ta ƙona masa yatsa.

"Tafaddal, bismillah, ɗan ɗan'uwana. Na ji an ce ba na son rowa."

Hamad ɗan Jidda ne, bai nemi fassara ba. Ya ajiye finjalin, ya nemi takalmansa.

Sannan Abuya ya tsaya gaban Na'ibi. Ya ɗiga masa ɗan kaɗan, abin da bai fi kurɓi ɗaya ba, ya miƙa.

Na'ibi ya leƙa finjalin. Na ga kafaɗunsa sun faɗi. Bawan Allah, duk bayanin da na yi masa ya gudu, zuciyarsa ta Zariya ta gaya masa an rage masa ne don ba a yafe ba.

Na matso da bakina jikin labule.

"Sha, masoyina," na raɗa. "Cewa ya yi ka zauna."

Ya kurɓe. Abuya ya ƙara masa. Ya kurɓe, aka ƙara. Ba wanda ya gaya masa sai an girgiza finjali ake daina zubawa, ni kuma na ƙi gaya masa.

Washegari jirgin alhazai ya yi kuka ya tashi. Na'ibi yana shagon Abuya yana auna yadin ɗinkin aurenmu, idonsa jawur, don gahawar jiya ba ta bar shi ya runtsa ba.